Kujerar da Ta Ƙi Gam

Hantsi ya ɗaga, hadarin da ya taso tun asuba ya watse bai zubar da ko ɗigo ba, sai zufa da ya bar wa mutane. Damina ce take sallama. Badaru yana zaune a ƙofar ɗakinsa a Unguwar Ya, ya jera 'yan kujeru uku a kan tabarma, kowacce ba ta fi tafin hannu ba, yana kallonsu kamar mai jiran su yi masa magana.

Ya ɗauki ta farko. Wannan da ƙaro ya haɗa ta, irin wanda liman yake sakawa a tawada. Ya sa babban yatsa ya danna majinginar a hankali. Ta ce ƙas, ta rabu. Ya ɗauki ta biyu, mai sholishon facin keke. Ita ba ta ɓalle ba, sai ta riƙa jan zare kamar miyar kuɓewa, ƙafafun suka baje. Ta ukun kuwa, wadda ya liƙa da kunun rogon da dukawa suke manna fata da shi, ba ta ma jira yatsa ba. Yana ɗaga ta, ƙafa ɗaya ta yi zamanta a tabarma.

Bai ji haushi ba. Mamaki ne ya fi kama shi. Ya kawo majinginar ta farkon kusa da idonsa yana jujjuyawa. Ƙaron ya bushe sarai, amma ya ɓare daga jikin katakon gaba ɗaya, sumul, kamar ɓawon soyayyiyar gyaɗa. Sauran biyun ma haka. Abu uku, kowanne da halinsa, amma duk hanyar sakinsu ɗaya. Ga kiyashi kuma sun yi layi suna shiga kwandon da yake tara sassaƙaƙƙun ƙafafu da majingina. Ya ce a ransa, zaƙin ƙaro suke bi.

A'i ta fito daga ɗaki riƙe da tsintsiya. Matarsa ce, auren bara, ciki ya fara yi mata nauyi. Kwanakin nan ko warin daddawa ba ta iya shaƙa, sai ta ruga bayan ɗaki.

"Sun sake saki?" ta tambaya.

"Sun saki."

"Har mai ƙaron?"

"Ita ce ma ta fara."

A'i ta dubi kwandon, ta dube shi. "Ai kuwa sun yi kyau," ta ce a hankali, ta sunkuya ta hau shara.

Yadda abin ya samo asali ba wani dogon labari ba ne. Wata rana Badaru ya raka maƙwabcinsu ɗakin shan magani a Birnin Kudu, ya ga kujerar malamin asibiti mai majingina da wurin ɗora hannu. Ya tsaya yana leƙa ƙarƙashinta har aka kore shi. Da ya dawo gida ya sami fasasshen akwatin katako, irin waɗanda ake zubarwa a bayan kantuna tun da kaya suka fara yawa a ƙasa, ya fito da wuƙarsa ya sassaƙa irinta ƙarama. Yara mata suka riƙa zuwa suna roƙon su ɗora 'yar tsanarsu a kai. Ya gwada ƙusa, katakon ya tsage, don sirantarsa ta yi yawa. Daga nan ya shiga neman abin liƙi.

Ya tattara gutsattsarin, ya naɗe a takardar buhun siminti, ya ɗaure a bayan keke. A zaure ya tarar da Baba Maikano, ƙanen mahaifinsa, wanda gidan yake hannunsa tun rasuwar mahaifin. Yana gyaran igiyar guga.

"An gama wasan yaran?" Baba ya ce, bai ɗago ba.

"Zan leƙa wurin Alhaji Sada ne, Baba."

"Leƙa. Amma ka ji da kyau, jibi motar su Ɗanladi, masu tafiya cin rani, za ta tashi. Gini ake yi a Kano ko'ina ka duba, siminti kamar ƙasa. Duk wanda ya je ya ɗauki kwano wata huɗu sai ya dawo da rediyo da barguna. Gero yana rumbu, dawa kuma ni da yara mun isa. In Alhajin naka bai karɓi kayan nan ba, ka naɗe tabarmarka. Ƙato da kai, da iyali, kana sassaƙa wa 'yar tsana wurin zama."

"To, Baba."

Ba aikin Badaru yake gudu ba. Wata huɗun ne. A cikinsu A'i za ta haihu, haihuwar fari, shi kuwa yana can bisa tsani da kwanon siminti a ka. Amma wannan ba maganar da mutum zai buɗe baki ya faɗa wa babansa ba ce. Ya tura kekensa ya fita.

Kantin Alhaji Sada yana bakin tasha a Birnin Kudu, inda manyan motoci masu zuwa gabas suke tsayawa. Sukari, madara, batir, sabulu, har da 'yan kayan wasa na roba. Shi ne ya yarda ya jera kujerun Badaru a gaban teburi don matafiya masu neman tsaraba. Yana hango shi ya sa hannu a ƙarƙashin teburi ya fito da wata hula cike da 'yan sanduna.

"Ka gane waɗannan?"

Badaru ya gane su.

"Wani direba ne ya saya wa 'yarsa. Ya ce kafin ya kai Fataskum kujera ta zama itacen hura wuta. Ya dawo ya tsaya mini a ka, gaban jama'a, har da hularsa ya bar mini don haushi." Alhaji ya juye su a takardar Badaru. "Kyau kam suna da shi. Launin nan nasu, ka ce kujerun gidan Di'o ne. Amma ni ba na sayar da abin da za a dawo a yi mini tsiya a kai."

"Alhaji, abin liƙin ne ban dace ba. Na gwada uku."

"To ka gwada na huɗu. Ka kawo mini guda ɗaya da zan saka daga kan teburin nan ta faɗi a siminti ta tashi da ƙafafunta. In ta yi, duk abin da ka sassaƙa zan karɓa. In ba ta yi ba, mu rabu muna gaisawa." Ya dubi yadda yaron ya tsaya. "Yau kasuwar Gwaram. Akwai wani tsoho can, Malam Iliyasu, mai gyaran akwatunan amare. An ce shi dafa gam ɗinsa yake yi da kansa. Bar keken nan, ga akori-kura can tana lodi."

Motar ta cika da masu awaki da buhunan barkono. Badaru ya sami gefe ya rungume ƙunshinsa a ƙirji, rana tana dukansa. Duk hanya abu ɗaya yake juyawa a kai. Me ya sa ƙaro yake kama takarda, sholisho yake kama roba, kunu yake kama fata, amma katakonsa kowa ya zo sai ya zame?

A Gwaram bai sha wahalar nema ba. Wata mai fura ta nuna masa bayan rumfar mahauta, ta ce, "Bi hancinka kawai." Gaskiyarta. Tun daga nesa wani wari ya tare shi, kamar an jiƙa tsohuwar fata an manta da ita.

Malam Iliyasu ɗan siririn tsoho ne, gemunsa ya yi ja saboda hayaƙi. Yana tsugune gaban murhu. A kan wuta akwai tukunyar ruwa, a cikin ruwan kuma wani baƙin gwangwani yana zaune, abin da ke cikinsa yana motsi a hankali, launin zuma. Badaru ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida shi, ya faɗi abin da ya kawo shi. Amma idonsa yana kan gwangwanin.

"Baba, me ya sa ba a ɗora shi a wuta kai tsaye?"

Tsohon ya dube shi da kyau. "Shekara nawa ina nan, ba wanda ya taɓa tambayata wannan. Toshe hanci kawai suke yi su wuce. In wuta ta taɓa shi ya mutu, ɗana. Zafi yake so, ba ƙuna ba."

"Da me ake yin sa?"

"Guntayen ƙirgi, da jijiya, da ɗan kofato in an samu. Ka kankare gashin, ka jiƙa ya kwana biyu, ka dafa har ya narke, ka tace. A ma'aikatar En'e na koya, tun Turawa suna nan. Akwai ƙofar da na haɗa kafin a ba mu mulki, har yau ko motsi ba ta yi ba."

"Saboda ba wanda yake iya matsawa kusa da ita don wari!" wata murya ta ce daga rumfar da ke gefe.

Wani saurayi ne da wando mai faɗin ƙafa, rediyo tana rataye a kafaɗarsa. Maikuɗi sunansa, mai sayar da fenti da ƙusoshi da kwaɗo. Da gani sun saba wannan faɗan.

"Abokina, rabu da miyar mushen nan," Maikuɗi ya ce wa Badaru. "Zo ka ga gam na zamani." Ya ɗauko ɗan gwangwani ya buɗe da tsinin ƙusa. Abin ciki fari ne fat, mai kauri. "Ba wuta, ba tukunya, ba ƙuda. Ka shafa, ka haɗa, ka tafi sallah."

"Kindirmo ne aka zuba masa a gwangwani," in ji tsohon. "Kawo gero mu dama."

Badaru ya kai hanci. Ɗan tsami-tsami ne kawai, can ƙasa. Ya taɓa da yatsa, ya murza, ya ga yana bushewa yana zama kamar fatar albasa. Ya dubi na tsohon, ya dubi wannan.

"Da za ku yarda," ya ce, "da an gwada duka biyun."

Ai kamar jira suke. Ya kwance takardarsa, kowa ya zaɓi mazauni da ƙafafu. Malam Iliyasu ya tsoma ɗan tsinke mai tattakakken baki ya shafa da sauri, yana cewa nasa ba ya jiran mai nawa. Maikuɗi ya shafa nasa da yatsa yana fito. Suka ɗaure kowace kujera da tsohuwar robar cikin tayar keke. Sauran da ya rage a tsinken, tsohon ya goge shi a jikin wasu guntayen katako biyu da ya tsinta a ƙasa, ya manna su ya jefa gefe. Maikuɗi ya ga haka, shi ma ya yi da nasa, wai kada a ce an fi shi.

Aka zauna jira. Tsohon ya ɓare goro ya ba Badaru rabi. Mahauta biyu da wani mai sayar da igiya suka zo suka tsaya, kowa ya zaɓi gwaninsa. Aka kira azahar, suka je suka dawo.

Malam Iliyasu ya kwance robar tasa, ya miƙa wa Badaru. "Danna."

Badaru ya danna. Ƙafar ta fita salin alin.

Maikuɗi ya yi tsalle yana tafi. "Na faɗa! Miya ce! Kawo tawa." Ya kwance da kansa, ya ɗaga ta sama don kowa ya gani. Ƙafafu biyu suka faɗo kan takalminsa. Mahautan suka kwashe da dariya har ɗaya yana riƙe ciki.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya ɗauki ƙafar yana duba. "Wannan bai taɓa faruwa da ni ba."

"Katakon ne," Maikuɗi ya ce. "Na waje ne, wani magani suke sa masa a jirgi."

"Ko kuma an yi wa yaron baki," in ji mai igiya.

Badaru ya miƙa hannu ya ɗauko guntayen nan da aka jefar gefe. Ya ja na tsohon, ya ƙi. Ya sa ƙarfi, ya ƙi. Ya ja na Maikuɗi, shi ma kamar tare aka halicce su. Ya juya su. A jikin ɗaya har da ragowar baƙin rubutu irin na akwatin kanti.

"Wannan ma ai katakon akwati ne," ya ce. "Irin nawa ne sak."

'Yan kallo suka fara watsewa. Badaru ya ajiye guntayen. Ya tuna jibi, ya tuna motar su Ɗanladi. Ya jawo takardar simintin zai naɗe kayansa, sai ya tsaya. Takardar ta yi tabo-tabo, duk inda sanda ta kwanta ta bar hotonta, kamar takardar da aka naɗe ƙosai. Ya ɗaga ta saitin rana, haske yana ratsa tabon. Ya matsa nesa da murhun, inda warin bai kai ba, ya kai ƙafar kujera hanci.

Man shanu.

Ba kowane ba ma. Mai ɗan ƙamshin hayaƙin nan ne, irin wanda uwar A'i take aiko mata daga wajen Kangire, inda suke da shanu, a 'yar ƙwarya mai murfin faifai. Tun da cikin ya bayyana ake aiko shi, don ta riƙa sawa a tuwo.

Nan take abubuwa suka riƙa zuwa masa ɗaya bayan ɗaya. Kiyashin da suke bin kwando. Yadda yake sassaƙa katako fari ya tafi gona, ya dawo ya tarar ya yi duhu yana sheƙi, shi kuwa yana cewa iska ce take nuna shi. Sabon akushin da A'i ta zo da shi, yadda ta zauna ta shafe shi da mai ciki da waje don kada ya tsage. Da daren jiya, da ya ga tana cin tuwo gaya ya tambaye ta ina man, ta ce ba ta marmarinsa.

Ya daɗe a tsaye da 'yar sandar a hannu.

"Me ka gani?" tsohon ya tambaya.

Badaru ya miƙa masa. Malam Iliyasu ya shinshina, ya ɗaga gira, ya sake shinshinawa. "Kai! Mai kyau ne ma. Wa ya yi wannan ɓarnar?"

"Daga gida ne, Baba."

Tsohon ya dube shi, ya ga ya sunkuyar da kai. Sai ya yi 'yar dariya, ba irin ta mahauta ba. "To ai ba ta yi kuskure ba. Haka ake yi wa akushi, da muciya, da turmi. Sai dai su ba su da gaɓa, daga itace ɗaya aka fitar da su. Taka kuwa duk gaɓoɓi ce. Gam ramukan katako yake shiga ya riƙe. In mai ya riga shi shiga, ina zai zauna?"

Maikuɗi ya buɗe baki zai yi tsokana, tsohon ya harare shi, ya mayar da bakin ya rufe.

Aiki ya tashi sabo. Malam Iliyasu ya fasa wata kwalba ya nuna wa Badaru yadda ake kankare katako da bakin gilashi. Suka tsiyaye ruwan toka mai zafi suka wanke kowace sanda, suka shanya a kan kwanon rumfa. Da zafin ranar nan, kafin a jima sun bushe ƙayau, sun koma fari fat kamar ƙashi. Badaru da kansa ya shafa gam wannan karon, kujera ɗaya da na tsoho, ɗaya da na gwangwanin Maikuɗi, ya ɗaure su tam.

"Da ni ne sai sun kwana," in ji tsohon. "Amma tunda sauri kake, kada ka kwance sai ka isa. To, yanzu wanne za ka ɗauka?"

Badaru ya zauna yana dubansu. Na tsohon ba sai ya saya ba, guntayen fata ko a garinsu mahauta zubarwa suke yi. In ƙafa ta karye kuma, an ce da ruwan zafi ake kwance shi a sake. Ga shi yana son dahuwar, yana son ya ga yadda fata take zama zuma. Na gwangwani kuwa in ya ƙare sai an zo Gwaram ko an aika Kano, kuma bai san da me aka yi shi ba, Maikuɗi ma bai sani ba. Sai iska ta juyo da hayaƙin murhun ta watsa masa a fuska. Ya tuna tsakar gidansu, da murhunsu guda ɗaya, da A'i tana rugawa bayan ɗaki saboda daddawa.

"Zan ɗauki na gwangwani," ya ce.

Maikuɗi ya ƙara muryar rediyonsa don murna.

"Ka ji ɗan zamani," in ji tsohon. "Ka sha hayaƙina, ka ci gorona, ka kwashe sirrina, ka tafi ka sayi kindirmo."

"Ba haka ba ne, Baba. Naka ya fi kwanta mini. Mai ɗakin nawa ce, kwanan nan ba ta son wari."

Malam Iliyasu ya shafa gemunsa. Sa'an nan ya ce, "Af." Ya shiga cikin rumfa ya fito da wani busasshen abu mai faɗin tafin hannu, ja-ja, haske yana ratsa shi. "Wannan shi ne in ya bushe. Ba ya wari, ba ya lalacewa. Ka rataye inda ɓera ba zai kai ba. In an yi suna, sai ka jiƙa ka dafa, ka ga bambanci."

Rana ta yi ja lokacin da akori-kura ta sauke shi a tashar Birnin Kudu. Alhaji Sada yana shirin alwala. Ya ajiye butar, ya zo ya tsaya. Badaru ya kwance robar a hankali. Ya ɗora kujerun biyu a kan teburi.

Alhaji bai yi wata-wata ba. Ya sa bayan hannu ya ture ta farko. Ta bugi siminti, ta yi tsalle, ta wuntsila ƙarƙashin buhun sukari. Badaru ya durƙusa ya jawo ta. Ƙafa huɗu, majingina, wurin hannu, komai yana nan. Alhaji ya ture ta biyu, har da ɗan ƙarin ƙarfi. Ita ma haka. Ya ɗauke ta ya murɗa, ya kai kunne ko zai ji ƙara.

"To," ya ce. "Yanzu ka yi kujera. Ka kawo sauran ranar Juma'a." Ya juya ta a hannu, ya ɓata fuska. "Amma me ya same su suka koɗe haka? Kamar sun yi jinya. Na da ai launinsu ne yake tsayar da mutane. Ƙarfin nan nake so, da wancan launin. Za ka iya?"

"Za a iya, Alhaji."

"Bar mini ɗaya in riƙa jefarwa gaban direbobi."

An idar da magariba ya isa gida. Baba Maikano yana zaure a kan buzu. Badaru ya durƙusa ya faɗa masa Alhaji ya karɓa, har ya ce a kai sauran. Baba ya karɓi kujerar, ya matsa ta tsakanin tafukansa masu kaushi, ya sake matsawa. Ya miƙo masa.

"Sai ka je ka gaya wa Ɗanladi da bakinka, kada su tsaya jiranka," ya ce. "Me ya hana su kamawa da?"

"Ban iya shirya katakon ba ne, Baba. Yanzu an nuna mini."

A tsakar gida A'i tana gaban murhu tana kwashe tuwo. Ta yi masa sannu da zuwa, idonta yana kan fuskarsa.

"An karɓa," ya ce. "Ba inda za ni."

Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta juya da sauri ta ci gaba da kwasa, kamar hayaƙi ne ya shiga mata ido.

Ya kunna fitila ya duba kwandonsa a ƙofar ɗaki. Sandunan da ya sassaƙa jiya, waɗanda ya bari fari da safe, duk sun yi duhu suna ɗaukar ido. Ba ta tsallake ko ɗaya ba. A gefen gado ya hango 'yar ƙwaryar, faifan ya ɗan zame. Man ya kusa kaiwa gindi.

Ya tsaya yana tunanin yadda zai faɗa. Duk yadda ya jera maganar, sai ya ga inda za ta sauka: makonnin nan da ya yi yana fama, da gorin Baba, da hular direba. Ya ɗauki kwandon ya kai zaure, ya rataye shi can sama a jikin azara, inda mata ba sa zuwa. Gobe zai nemi kwalba da toka. Ya dawo ya ɗauki farar kujerar nan da ta sha faɗuwa a siminti, ya ajiye ta dab da ƙwaryar man.

"Alhaji ya ce launin na da ne yake tsayar da mutane," ya ce, yana gyara lagwanin fitila. "Shi kuwa gam ɗin nan, sai ya kama tukuna ake yi wa katako ado. Ɗan kaɗan ma ya isa, ko man gyaɗa ne."

Marar kwasar da ke hannun A'i ta tsaya cak, ta daɗe a haka. Sa'an nan ta ci gaba da kwasa.

Suka ci tuwo. Ya lakato man da ya rage ya sa a gefen da take ci, ta yi kamar ba ta gani ba, ta cinye. Aka kira lisha, ya ɗauki buta ya fita.

Da ya dawo, kujerar tana zaune a tsakiyar tabarmarsa, ta yi ja tana sheƙi a hasken fitila, sai ƙamshin man gyaɗa. A'i tana can bakin randa ta ba shi baya, tana wanke kwanuka. Ya ɗauki kujerar ya danna majinginar da babban yatsa. Ba ta motsa ba. Ya ajiye ta a kan taga, ya jawo wuƙarsa da wani sabon katako.